Shin Ko Kun San? Yadda Mota Ta Kai Amurkawa Bayan Gari, da Yadda Ta Daina Mutuwa a Hanya

Shin ko kun san cewa a shekarar 1900 motocin da ke da rajista a duk faɗin Amurka ba su wuce dubu 8 ba? Kafin 1929 ta ƙare, ƙananan motoci kaɗai sun kai miliyan 23. Daga nan mota ta shiga kwasar jama'a daga tsakiyar gari tana kai su gonaki, gonakin suna zama unguwanni. Su kuma unguwannin suka matsa wa masu ƙera mota lamba, domin magidancin da ke kwana kilomita 40 daga wurin aikinsa ba zai iya zama da motar da sai an tura ta kowace safiya ba.

Shin ko kun san faɗin gari yana bin saurin tafiyar mutanensa? Wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya bayyana a 1994 cewa ɗan Adam a kusan kowane zamani sa'a ɗaya yake ware wa zirga-zirga a rana, rabi zuwa, rabi dawowa. Mai tafiya a ƙasa yana cin kamar kilomita 5 a sa'a, shi ya sa tsofaffin birane suke a dunƙule. Dubi cikin ganuwar Kano ko Zariya ko Katsina: daga gida zuwa kasuwa zuwa masallacin Juma'a duk ƙafa ce ke kai mutum. Ba shi abin hawa mai sauri, ba zai rage lokacin da yake yi a hanya ba, sai dai ya ƙara nisa.

Kuma ba mota ce ta fara buɗe bayan gari a Amurka ba. Taragon lantarki mai bin dogo a tsakiyar titi ya riga ta. Frank Sprague ya kafa irinsa a birnin Richmond a 1888, sauran birane suka kwaikwaya. Unguwanni suka riƙa tsirowa a gefen dogo, gida kusa da gida, shaguna a bakin tasha, saboda dole kowa ya taka zuwa wurin hawa. Los Angeles, wadda yau ta yi suna wajen cunkoson motoci, ta taɓa mallakar dogon irin waɗannan taragu na kamfanin Pacific Electric mai tsawon fiye da kilomita 1,600. Mai kamfanin, Henry Huntington, dillalin filaye ne: ya shimfiɗa dogo zuwa filinsa, filin ya yi daraja, ya yanka ya sayar. Taragon ƙarshe a kan wannan dogo ya daina aiki a 1961.

Shin ko kun san farashin motar Ford samfurin Model T sauka ya yi ta yi maimakon hawa? Ta fito a 1908 a kan dala 850. A 1913 Henry Ford ya kawo tsarin da mota ke tafiya a kan layi tana wuce ma'aikata, kowa yana ɗaura abu guda, sai lokacin haɗa mota ɗaya ya faɗo daga sa'a 12 da wani abu zuwa minti 93. Zuwa 1925 mafi araha a cikinsu dala 260 ce. An ƙera fiye da miliyan 15 kafin a dakatar da ita a 1927. Kamfanin General Motors kuwa ya ɓullo ta wata hanyar: a 1919 ya buɗe sashen bayar da mota bashi, a riƙa biya wata-wata.

Amma tayar da motar wancan zamani aikin ƙarfi ne. Direba zai tsaya a gaban mota, ya zura ƙarfe a hancinta ya murza, kamar yadda ake tayar da injin niƙa. In wuta ta kama kafin lokaci, ƙarfen ya juyo da baya da ƙarfin inji, ya karya wuyan hannu ko ya fasa haƙora. Har koya wa mutane ake yi kada su naɗe babban yatsa a jikin ƙarfen. Charles Kettering ne ya kawo sitata mai aiki da batir, aka fara sa ta a motar Cadillac ta 1912. Daga ranar tsoho da matar gida da mai raunin hannu suka iya fita da mota ba tare da neman ƙato ba, kuma a ganina zaman bayan gari ba zai taɓa yiwuwa ba in ba don wannan ƙaramar na'ura ba.

Shin ko kun san doka ce ta raba gida da shago a unguwannin Amurka? A 1926 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, ta amince hukuma tana da ikon cewa nan gidajen kwana kawai za a gina, can shaguna, can masana'antu. Sakamakon shi ne unguwa mai gida ɗari biyar babu ko mai sayar da burodi a cikinta. Gishiri ya ƙare ana tsakiyar girki? Sai an ɗauki makullin mota.

Sai gwamnati ta sa kuɗinta. Kafin 1934, mai son bashin gida yakan ajiye har rabin kuɗin, ya biya saura cikin shekara biyar zuwa goma. A shekarar aka kafa hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda ta tsaya wa bankuna, aka koma ajiye kaɗan a biya cikin shekara 20 zuwa 30. A 1944 aka ƙara da dokar tallafa wa sojojin da za su dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta ba da dama su sami gida ba tare da ajiye ko sisi ba. Hukumar FHA ta fi son sabon gida a sabuwar unguwa fiye da gyaran tsoho a cikin gari, kuɗi kuwa inda aka nuna masa nan yake bi.

Shin ko kun san akwai kamfanin da ya riƙa kammala gida 30 a rana? Levitt da 'ya'yansa ne, a gonakin dankali na tsibirin Long Island kusa da New York. Tsakanin 1947 da 1951 sun gina gidaje 17,447, aka sa wa garin suna Levittown. William Levitt, ɗaya daga cikin 'ya'yan, ya ɗauki dabarar Ford ya juya ta: a nan gida yana tsaye, ma'aikata ne ke tafiya. An kasa aikin kashi 27. Babbar mota ta sauke katako da ƙusa da bututu a gaban kowane fili, masu zuba daɓen siminti su wuce, masu kafa bango su biyo, sai masu rufi, sai masu fenti, kowace ƙungiya aikinta ɗaya daga wannan gida zuwa na gaba har yamma. A 1949 ana sayar da gida a dala 7,990. Ga matashin da ya dawo daga yaƙi yana cunkushe da matarsa da jariri a ɗakin surukai, wannan rahama ce, kuma bai kamata a raina ta ba.

Sai dai ba kowa aka buɗe wa ƙofa ba. A takardar yarjejeniyar gidajen Levittown an rubuta ƙarara cewa farar fata kaɗai zai zauna. Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙe. Da iyalin baƙar fata na farko suka sayi gida a Levittown ta jihar Pennsylvania a 1957, taron mutane ya yi ta zuwa ƙofar gidansu da jifa da zagi. Sojan da ya yi yaƙi ɗaya da maƙwabcinsa, launin fatarsa ya hana shi gidan da zai bar wa 'ya'yansa gado. Wannan zalunci ne, kuma tazarar dukiya tsakanin farare da baƙaƙen Amurka har yau tana ɗauke da tabonsa.

Shin ko kun san tafiyar kwana 62 ce ta dasa wa shugaba Eisenhower son manyan hanyoyi? A 1919, yana matashin hafsa, ya bi ayarin motocin soja daga Washinton zuwa San Francisco. Motoci suka yi ta kafewa a laka da yashi, gadojin katako suna karyewa a ƙarƙashinsu. Bayan shekaru ya ga manyan titunan Jamus lokacin yaƙi. Ranar 29 ga Yuni 1956 ya sa hannu a dokar gina hanyoyin da suka haɗa jihohi, mil dubu 41, wato kusan kilomita dubu 66. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin ɗari na kuɗin, daga harajin man fetur da aka ware wa hanya kaɗai. An fara da kasafin dala biliyan 25, aka ƙare da kashe sama da biliyan 100.

Hanyoyin ba su tsaya a bakin gari ba, ratsa tsakiyarsa suka yi, kuma sau da yawa ta kan unguwannin baƙaƙe aka ja layin: Overtown a Miami, Rondo a St. Paul, titin Hastings a Detroit, titin Claiborne a New Orleans inda aka sare itatuwan inuwa aka ɗora gadar sama. Masanin tattalin arziki Nathaniel Baum-Snow ya ƙiyasta a 2007 cewa kowace babbar hanya da ta ratsa birni ta rage masa kusan kashi 18 cikin ɗari na jama'arsa. Detroit, cibiyar ƙera motoci da kanta, tana da mutum miliyan 1 da dubu 850 a 1950. A ƙidayar 2020 ba su kai dubu 640 ba. Tun ƙidayar 1970 mazauna bayan gari suka fi mazauna cikin birane yawa a Amurka.

Kasuwa ma ta bi su. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minnesota, katafaren rukunin shaguna na farko mai rufi ɗaya da na'urar daidaita sanyi da zafi, kewaye da filin ajiye motoci. Wanda ya zana shi, Victor Gruen, ɗan gudun hijira daga Ostiriya, burinsa dandali ne da mutane za su haɗu su yi hira a ƙafa. Da ya ga abin da aka mayar da tunaninsa, a 1978 ya fito fili ya barranta kansa da irin waɗannan gine-gine.

Shin ko kun san mota tana yin kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarta a ajiye? Farfesa Donald Shoup na Los Angeles ya yi shekaru yana nuna illar dokokin da ke tilasta wa duk mai gini ya tanadi wurin ajiye motoci: gine-gine suna nisa da juna, haya tana tsada, wanda ba shi da mota ma yana biya a cikin kuɗin kaya. Birnin Buffalo ya soke wannan sharaɗi a 2017.

Faɗaɗa hanya kuma bai kashe cunkoso ba. A birnin Houston an kashe kusan dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa titin Katy, aka gama a 2008, a wani wurin layi 26 in an haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru lokacin tafiya da safe da yamma ya sake hawa, saboda sabuwar hanya ta jawo sababbin gidaje a can gaba. Binciken Gilles Duranton da Matthew Turner na 2011 ya gano cewa tuƙi a biranen Amurka yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara.

To, yanzu ga ɗaya ɓangaren. A 2019 kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan Amurka su kaɗai suke tuƙa kansu zuwa aiki. Mutanen da suka ɗora abincinsu a kan inji haka, wace irin mota suke hawa a da?

Shin ko kun san agogon ƙirga tafiya na motocin da lamba biyar kawai gare shi? In ya kai mil 99,999 sai ya koma sifiri, saboda masu ƙerawa ba su sa ran yawancin motoci za su wuce nan ba. A shekarun 1950 ana ɗura wa gaɓoɓin ƙasan mota giris kusan kowane mil dubu. Bayan mil dubu 10 zuwa 12 sai an canza fulogi da kwantak, waɗannan 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa don ba fulogi wuta. Duk wanda ya yi zamani da tsohuwar Fijo ya san hoton: an ɗaga bonet a gefen hanya, makaniki ya goga kwantak da takarda mai ƙaiƙayi, ya tsotsi fetur a tiyo ya fesa a maƙogwaron kafireta, ya ce wa direba, "Maigida, ba ta wuta mu ji." A wajajen 1970 matsakaicin shekarun motar da ke kan titin Amurka bai kai shida ba. A 2024 ya kai shekara 12.6.

Me ya canza? Abubuwa ne da yawa, kowanne ya toshe wata ƙofar lalacewa.

Taya ta fara. Kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar tayar radiyal a 1946, mai ɗamarar waya a ƙarƙashin roba, wadda ba ta zafi kamar ta da, tana kuma ninka ta daɗewa. A tsakiyar shekarun 1950 taya marar tub ta zama ruwan dare, ƙusa ta daina fasa ta nan take, sai dai iska ta riƙa fita a hankali. Chrysler ya sa altaneta a motar Valiant ta 1960, batir ya riƙa samun caji ko mota tana tsaye a cunkoso. A 1973 kamfanin ya mayar da wutar lantaroni ta zama ta kowace motarsa, kwantak ya kama hanyar tafiya.

Shin ko kun san dokar tsabtace iska ce ta fi kowa yi wa injin mota gata? Tun 1923 ake sayar da fetur mai haɗin dalma a Amurka, bayan Thomas Midgley ya gano a 1921 cewa tana hana inji ƙwanƙwasa. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, mu ma mun ga ɗanyen aikinta a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Ga inji ma ba alheri ba ce: tana daskarewa a kan fulogi, sinadaran da ake haɗa ta da su suna cin salansa suna ɓata baƙin mai. Dokar iska ta 1970 ta sa daga motocin 1975 aka fara ɗaura matatar hayaƙi a salansa, abin da makanikanmu ke kira indomi. Dalma tana kashe wannan matata, don haka dole aka kawo fetur marar dalma. Matatar kuma ba ta aiki sosai sai an auna iska da mai daidai wa daida, abin da kafireta ba za ta iya ba. Sai aka koma injekta da kwamfuta. Bosch ya riga ya fitar da injekta mai lantaroni a wata Volkswagen a 1967, Volvo kuma ta kawo na'urar shinshina hayaƙi a 1976, mai gaya wa kwamfuta ta ƙara mai ko ta rage. Zuwa farkon shekarun 1990 kafireta ta ɓace daga sababbin ƙananan motocin Amurka.

Ga inda ribar take. Kafireta, musamman da sanyin safiya, tana kwarara fetur fiye da kima, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe tsirara. Injekta ta kawar da wannan. Fulogi na zamani mai bakin iridiyom yana kai mil dubu 100, juyen baƙin mai ya tashi daga mil dubu 3 zuwa dubu 7 ko 10 a motoci da yawa. Kamfanonin mota sun yaƙi dokar da farko, suna cewa za ta durƙusar da su, amma ita ce ta ba su inji mafi tsawon rai da suka taɓa ƙerawa. Amurka ta haramta fetur mai dalma a titi a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

Tun 1996 kuma kowace sabuwar motar da aka sayar a Amurka tana da 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta.

Tsatsa ma an ci ƙarfinta. A jihohin da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, mota kan huje tun injinta na da sauran ƙarfi. Aka koma tsoma gangar jikin gaba ɗaya a kwamin fenti mai aiki da lantarki, ya shiga kowane lungu, aka kuma riƙa lulluɓe ƙarfen da zinki. Porsche ta yi haka a tsakiyar shekarun 1970, Audi a tsakiyar 1980, saura suka biyo.

Shin ko kun san Ba'amurke ne ya koya wa Japanawa darasin da suka dawo suka kayar da Amurka da shi? W. Edwards Deming ya je Japan a 1950 yana koyar da yadda ake amfani da lissafi a gano tushen kuskure a masana'anta. Toyota ta ci lambar yabo mai sunansa a 1965. Ita ma tana da nata gadon: Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa mai tsayawa da kansa in zare ɗaya ya tsinke. Taiichi Ohno ya kai wannan tunani masana'antar mota. Aka rataya igiya a saman layi, duk ma'aikacin da ya ga noti bai zauna daidai ba ya ja ta, fitila ta kama, shugaban sashe ya rugo, in ba a warware ba layin ya tsaya. A Detroit kuwa tsayar da layi babban laifi ne, sai a bar kuskuren ya wuce a ce a gyara a ƙarshe, bayan an rufe shi da kujeru da kafet. Da man fetur ya yi tsada a 1973 Amurkawa suka sayi ƙananan motocin Japan don tsimi, sai suka tarar ba sa kwana a gareji.

Hujja mafi ƙarfi tana Fremont, jihar Kalifoniya. General Motors ta rufe masana'antarta ta can a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan, aka tura wasu Japan horo. Cikin ɗan lokaci motocinsu suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen nan dai su ne, ginin shi ne. Abin da ya canza shi ne an ba lebura ikon cewa a tsaya, an kuma saurare shi. An rufe NUMMI a 2010, yanzu Tesla ke ƙera motoci a wurin.

Masu saye ma sun sami haƙori. Jihar Connecticut ta fara dokar da ke tilasta wa kamfani ya karɓi sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa ya mayar da kuɗi ko ya canza ta, a 1982. A ƙarshen shekarun 1990 Hyundai ta ba da garantin shekara 10 ko mil dubu 100 a kan inji da giya.

Shin ko kun san motar da ta fi kowace motar gida tafiya a tarihi ta wani malamin makaranta ce a Long Island, tsibirin da Levittown take? Irv Gordon ya sayi Volvo 1800S a 1966, yana tafiyar kusan mil 125 kullum zuwa aiki da dawowa. Ya cika mil miliyan 1 a 1987, miliyan 3 a 2013. Da ya rasu a 2018 ta haura mil miliyan 3.2, sama da kilomita miliyan 5. Abin da ya riƙa faɗa wa masu tambaya bai wuce bin littafin mota da juye a kan lokaci ba.

Rai ma ya ƙara tsira. Nils Bohlin na Volvo ya ƙirƙiro bel mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. A 1966, shekarar da aka yi dokar lafiyar motoci ta tarayya, ana rasa mutum 5.5 a kowace tafiyar mil miliyan 100. A 2019 adadin ya sauko kusan 1.1. Amma na cikin mota ne suka fi cin moriya. Masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe sun tashi daga kusan 4,100 a 2009 zuwa sama da 7,500 a 2022, a kan tituna masu faɗi da aka yi don gudu, da motoci masu dogon hanci. Kuɗin riƙe sabuwar mota kuma, a lissafin ƙungiyar direbobi ta AAA, ya haura dala dubu 12 a shekara a 2023. Tsoho da ido ya gaza, yaro da bai kai tuƙi ba, da talakan da ba shi da mota, duk fursunoni ne a unguwar da ba ta da bas.

Ina ruwanmu da wannan labari? Da yawa. Tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar Amurka tana shigowa ta hau titi ba a taɓa sitiyarinta ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Camry da Corolla da Accord da ke cika garejin dillalai a Kano da Kaduna, bayan sun gama kai wani aiki shekara goma a can, ƙarfinsu daga wannan tarihi ya fito. Abin takaici, mu muke warware shi da hannunmu: a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, inji ya riƙa aiki da sanyi yana shan mai yana cin ringi, a fasa indomi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, fitilar gargaɗi ta kama a liƙe ta da baƙin salatif.

Tsarin garin ma mun ɗauko. Rukunin kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ne ya zana taswirar Abuja a 1979. Yau dubban ma'aikatan birnin a Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja suke kwana, suna fitowa tun kafin asuba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, su ne suka fara ji a jika. Masu yanka filaye a bayan Kano da Kaduna da Sakkwato, da hukumomin da ke sa musu hannu, ya kamata su tanadi hanyar bas da kasuwa da makaranta da asibiti tun kafin a aza tubalin farko.

Na ƙarshe, kuma shi ne mafi gaggawa. Shin ko kun san an yi kiranyen jakunkunan iska na kamfanin Takata kusan miliyan 67 a Amurka? Sinadarin da ke hura su yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfi ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. Sama da mutum 25 sun mutu a can, kuma abin ya shafi motocin kamfanoni da yawa, musamman na shekarun 2000 zuwa tsakiyar 2010, irin waɗanda muka fi saya. Ba kowace aka gyara ba kafin a loda ta a jirgin ruwa. In motarku daga Amurka ta zo, ku duba ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ku ga lambar sasi mai harufa da lambobi 17. Ku shigar da ita a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta ne, zai nuna muku ko akwai kiranyen da ba a yi ba. Ku yi haka kafin ku biya dillali, wadda ke gida kuma ku duba ta yau.